BMW 335i ko Lexus IS350: wacce za ta jure Sakkwato?

Ƙanena, ka ce ka ga motoci biyu a wurin wani mai sayar da motoci a nan cikin gari, duka 'yan 2008, duka saukar Amurka, ba a riga an yi musu lamba ba: BMW 335i da Lexus IS350. Kuɗinsu kusan kai ɗaya, kana son mota mai tashi, kuma duk wadda ka saya ita ce za ta zama motarka ta yau da kullum. Kana tambaya wacce za ka ɗauka, me kuma za ka duba kafin kuɗi su bar hannunka.

Ta fannin gudu babu wata tazara a tsakaninsu. BMW ɗin fulogi shida ce a jere, lita 3, da turbo biyu, injin da ake kira N54, ƙarfin doki 300. Lexus ɗin ita ma fulogi shida, lita 3.5, ba turbo, ƙarfin doki 306. Kowacce tana kai kilomita 100 daga tsaye cikin ƙasa da daƙiƙa 6. A ƙafa ne za ka ji bambancin: BMW tana fizga tun daga ƙasa, da ka ɗan taɓa totur, Lexus kuwa sai injin ya ɗaga murya take nuna abin da ke cikinta. Sitiyarin BMW ya fi daɗi a kwana, wannan ba na musu a kansa. Amma ba gudu ne zai raba maka gardama ba, zafin Afrilu da Mayu ne, lokacin da ake haura digiri 40 kana tsaye a cunkoson bakin kasuwa da esi a kunne.

Kafin bonet, fara da lambar shasi, don a nan motocin biyu hukuncinsu ɗaya. Lamba ce mai harafi da adadi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Su zo daidai da juna, su zo daidai da takardun kwastan. Na goma a jerin shi ne shekara: ga 'yar 2008 dole ka ga 8. Sannan ka rubuta lambar a Google. Yawancin irin waɗannan motoci daga kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, Copart ko IAA, ake sayo su, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan: za ka ga motar da goshinta a murƙushe, ko jakar iska a fashe, da adadin tafiyar da ke kan mita a ranar. Ka biya a ciro maka rahoton Carfax, mai nuna tarihin motar a Amurka.  Ka tuna mitar Amurka da mil take ƙirga, mil 100,000 kusan kilomita 160,000 ne.

Motar da aka buge ta gefe aka gyara da kyau, ana iya ciniki a kanta. Wadda ambaliya ta shanye, ko kyauta ba na so. Ka ɗaga kafet ɗin ƙasan kujera ka shinshina, ka haska fitilar waya a kan ƙarafan da kujera ke gudu a kansu ka ga ko sun yi tsatsa, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin laka. A BMW abin ya fi muni, don batir ɗinta a but yake, kuma akwai na'urorin lantarki a ƙasa-ƙasa inda ruwa ke fara kwanciya.

Sai takardu. Mu da muke kusa da Illela da Kwanni mun san yadda mota ke shigowa ta bayan gida. A ranar 1 ga Janairu 2017 aka sa dokar hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka kada ka karɓi "ai takardun suna hanya". Ka ɗauki kwafin takardar biyan duti da kanka ka je ofishin kwastan a tabbatar maka lambar tana cikin kwamfutarsu kuma da wannan shasin aka biya. In ba haka ba, shingen farko a hanyar Gusau zai raba ka da motar.

Yanzu BMW, inda aikin yake. Ka je da sassafe, ka gaya wa mai motar kada a tayar da ita kafin ka zo, ka dafa injin ka ji da sanyinsa. In ta daɗe tana juyi kafin ta kama, ka zargi famfon mai na kan injin, mai tura fetur da matsin gaske. Ciwon wannan injin ne sananne: a Oktoban 2010 BMW ta janye motoci kusan 130,000 a Amurka don gyara saboda shi. In ta tashi tana rawa, nozul ne ko kwayil, kuma nozul ɗin N54 ba na araha ba ne, shida ne kuma. Ka taka totur ka saki, ka kasa kunne ta gefen fasinja: in ka ji kacau-kacau kamar ana girgiza gwangwani, ƙofofin turbo sun saki.

Ka haska gaban injin, wurin gidan filtar baƙin mai da gefen murfin sama. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, duk 335i mai waɗannan shekaru tana ɗan jiƙewa. Amma yoyon gidan filta ba na rainawa ba ne, don a kan bel yake ɗiga, bel ɗin ya zame ya tsinke, wani lokaci tsummansa ya shige cikin injin ta sil ɗin gaba. Injin da aka wanke fes yana ƙyalli, ni tsoro yake ba ni fiye da mai ƙura.

Babban abin da ke sa ni jan ƙafa a kanta a garin nan shi ne sanyaya injin. Famfon ruwanta na lantarki ne, kuma ba ya sallama kafin ya mutu: fanka ta hau ihu, fitila ta kama, mota ta rage ƙarfi, ko kana tsakanin Tambuwal da Jega. Ga shi ba ta da allurar zafin ruwa, ta zafin baƙin mai kawai gare ta, ba ta kuma da sandar auna mai, sai dai ka tambayi kwamfutar dashbod. Ka leƙa ta bayan bamba a gefen fasinja ka ga ko tana da ƙaramin lagireto na sanyaya baƙin mai, don ba duka aka sa wa ba. Wadda ba ta da shi, ba ta Sakkwato ba ce. Sannan ka nemi alamar an ƙara mata wuta: filtar iska ta kanti, bututun ƙarfe a madadin na roba, wayoyin da aka feɗe aka naɗe da salatif. Samarin Amurka suna son wannan injin don yana karɓar ƙari, kuma motar da aka ƙure shekara da shekaru ita ake turo mana.

Lexus ba ta da dogon lissafi irin wannan. Abu na farko, ka tabbata 350 ce. Ana cire tambarin IS250 a manna na 350, jikinsu kuwa iri ɗaya, alhali 250 doki 204 ce kawai kuma tana tara baƙin dauɗa a bawul. Takardar da ke manne a cikin bonet za ta nuna 3.5 ko 2.5. Haka ake yi wa BMW 328i ma, a manna mata tambarin 335i, sai dai 335i salansarta biyu ne a rabe, ɗaya dama ɗaya hagu. Bayan wannan ka saurari ƙarar 'yan daƙiƙu a tashin sanyi, ka duba famfon ruwa ko akwai busasshen ruwa mai launin ruwan hoda a gefensa, ka shafa cikin tayoyin gaba don tana cinye su ta ciki in bushin ya mutu. Ka danna dashbod da yatsa: na 2006 zuwa 2008 yana narkewa ya yi danƙo a rana, kuma ranarmu ba ta da tausayi. A 2010 an janye waɗannan shekarun saboda sifirin ɗin bawul, kuma duka motocin biyu suna cikin waɗanda matsalar jakar iska ta kamfanin Takata ta shafa. Shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, yana nuna maka kyauta irin wannan gyaran da ba a yi ba, in ka sa lambar shasi, sai dai wanda ya haura shekara 15 ba lallai ya fito ba. Kujerar bayanta matsattsiya ce, in kana da dogayen 'yan'uwa ka zaunar da ɗaya ka gani.

A kan kowacce, ka danna maɓallin tayarwa ba tare da ka taka birki ba har fitilun dashbod su kunna, ka ga fitilar injin da ta jakar iska sun kama sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an rufe ta ne. A sa kwamfuta, a duba har ko an goge laifuffuka kwanan nan. A ɗaga ta a gareji a ga indomi, matatar hayaƙin da ke jikin salansa, yana nan, a ga ko gishirin titunan ƙanƙara ya ci ƙasanta. Ka karanta lambobi huɗu na shekarar taya, kuma tayar da ke da hoton dutse da ƙanƙara ta ƙasar sanyi ce, kwaltarmu za ta cinye ta. Gwajin kuma kada ya tsaya a zagaye ɗaya: da azahar, esi a kunne, ka hau bayafas ka taka ta sosai, ka dawo ka bar ta tana aiki a tsaye ka ga abin da fanka da allura za su yi.

Duka biyun fetur mai daraja aka ƙera su da shi, mu kuwa kala ɗaya ne a famfo. Injin turbo ya fi jin wannan a jikinsa, musamman da zafi, don haka mai BMW ba shi ba man 'yan bumburutu. Lexus 'yar gidan Toyota ce, bakanikenka ba zai tsaya yana kallonta ba, kayanta kuma in babu a gari ana sako su daga Ƙofar Ruwa a Kano. Na BMW sau da yawa sai Ladipo a Legas, ga shi ko batir ka canza sai an shaida wa kwamfutarta. Kowacce ka saya, kada ka bari a cire mata tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye, kada kuma a zuba mata ruwan rijiya a lagireto.

Tunda mota ɗaya za ka riƙe, ni Lexus zan ce ka ɗauka, muddin lambar shasi da kwastan sun wanke ta. In ita ce ta fito da tarihin ambaliya ko mummunan hatsari, BMW ɗin kuma ta fito fes, kada ka ɗauki BMW don kawai ita ta rage, sai in kana da bakaniken da ya san N54 da kwamfutarsa, kuma ka ware kuɗin sabon famfon ruwa da tamostat da gasket ɗin gidan filta tun makon farko. Turo lambobin shasin biyu da hoton takardar cikin bonet, mu duba tare kafin ka ba da ko kafin alƙalami.