Hattara da mai sayar da "maganin jirin VR" a Facebook

Naira 45,000. Abin da wani ɗan damfara yake karɓa ke nan a hannun masu Quest 2 (na'urar VR ta kamfanin Meta, wadda ake ɗaurawa a ido a ji kamar ana cikin wasa), da sunan wata 'yar na'ura da wai in ka soka ta a ramin caji, kai da jiri da tashin zuciya har abada. Na biya. Abin da ya iso tasha ɗan adaftan USB-C ne irin na teburin masu caji, da aka fasa shi babu komai a ciki sai siraran wayoyi. 45,000!

Kada wani ya ce min ban bincika ba. Mutumin ya san harka. Ya san tazarar gilasan Quest 2 mataki uku ce, milimita 58 da 63 da 68. Ya ce na'urar tana hana hoto sarƙewa, kuma gaskiya ne hoton da ke tsinkewa yana ƙara jiri. Wa zai ji haka ya ce ɓarawo ne? "Oga, ai ku ne manya, 50 nake sayarwa, kawo 45." Da muryar nan tasa mai sanyi, har yanzu tana min yawo a kunne.  Alat na shiga sai ya ce in turo lambar shiga asusuna na Meta ya kunna na'urar daga can. Na ƙi, ya toshe ni. "Ai ku ne manya." Allah ya isa.

Abin haushin, maganin yana cikin saitin wasan da kake bugawa, kyauta. Ido ne yake cewa kana gudu, can cikin kunne kuma ana cewa a tsaye kake, saɓanin nan shi ke juya ciki. Ba abin da za ka soka a ramin caji ya sasanta su. Ka shiga saitin motsi ka bar tafiya da 'yar sandar rimot, ka zaɓi Teleport, ka nuna wuri ka dira. Juyawa ka sa ta a Snap Turn, wato juyi na farat ɗaya, digiri 30 ko 45, don juyin a hankali yana tayar da zuciya sosai. In wasan yana da Vignette kunna shi, yana duhunta gefen ido lokacin motsi. Daidaita tazarar gilasan har rubutu ya fito tas, ka kunna fanka ta riƙa bugun fuskarka. Da ka ji gumi mai sanyi ko miyau na taruwa, cire Quest ɗin nan take. In ka daure, sai ka wuni kai na sara maka.

Hotunan hirarmu da rasitin 45,000 ɗin suna nan tafe da daddare. Kada ku tura masa ko sisi, kada ku ba kowa lambar asusunku.