Na sayi irin na'ana'a, ashe ɗan alfadari aka sayar mini

Wata huɗu ke nan da na sayi fakitin irin na'ana'a wajen masu tallan iri a Instagram, kun dai san su, kun kuma san yadda kuɗin aike ke neman kamo kuɗin kaya. A jikin fakitin an rubuta pepamint ɓaro-ɓaro, ga hoton ganye mai duhu da jan kara. Ita nake nema, mai sanyin nan da ke ratsa hanci kamar an tsotsi TomTom, don wadda muke jefawa a shayi ƙamshi gare ta kawai.

Gata kam na yi mata. Tsohon baho na huda, na cakuɗa ƙasa da ruɓaɓɓen takin awaki, na ajiye a inuwar darbejiya, ban ruwa safe da yamma. Ta tsiro, ba laifi. Da ganye ya yi ƙwari na tsinka na murza na shinshina. Wani ƙamshin cingam, wani wari-wari kamar ciyawar bakin rafi, kowane tsiro da halinsa sai ka ce 'yan gidan haya. Sanyi kuwa babu ko ɗis. Maigida ya kurɓi shayin ya ce, "Wannan ai ta kasuwar 'Yankaba ce, kika sha wahalar banza."

Ɗan wana mai karatun aikin gona ne ya zo hutu, ya dubi fakitin ya kwashe da dariya. "Gwaggo, ɗan alfadari aka sayar miki." Ashe pepamint barbarar yanyawa ce: na'ana'ar bakin ruwa da irin tamu ta shayi, wadda Turawa ke kira sifiyamint, su suka haɗu da kansu, ƙwari na kai garin fure daga wannan zuwa waccan. Kamar yadda jaki da goɗiya ke ba da alfadari shi kuma ba ya haihuwa, haka take fure amma da wuya ta ba da iri mai tsirowa. Ko ya tsiro, ba ya ɗauko uwar. Da reshe ko jijiya ake yaɗa ta.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, ya ce ba ni ce farkon wadda ta ruɗa ba. Wani Bature masanin tsirrai, John Ray, ya rubuta bayaninta a Ingila a 1696. Carl Linnaeus ɗan Suwidin, wanda ya tsara wa tsirrai sunaye, ya sa mata suna a 1753 a matsayin jinsi mai zaman kansa, sai daga baya aka gane haɗi ce. Ita ma ta shayin tamu masana na cewa haɗin wasu biyu ne. Ɗan wan nawa ya sa na murza karan tsakanin yatsu, na ji kusurwa huɗu, ya ce haka na ɗoɗɗoya yake, dangi ɗaya ne. Shekara nawa ina tsinkar ɗoɗɗoya ban taɓa lura ba.

Na kira mai kayan a fusace. Gaskiya yaron yana da ladabi. "Hajiya, ki yi haƙuri, mu ma a haka ake kawo mana." Bayan kwana uku sai ga dashe guda biyu a leda, kyauta. Tun kafin in kwance na ji mentol ɗin, sinadarin da ke ba ta sanyin nan, ya bugi hancina. Kara ja, ganye mai duhu, sak hoton. Yanzu ta cika bokiti tana leƙowa, ganye uku sun ishi buta guda. A nan na yafe musu, har na ba maƙwabciyata lambarsu.

To amma kyautar nan ni na sake biyan ɗan acaɓa. Ga wata biyu na ban ruwa da ruwan 'yan garuwa. Ta farkon kuma ta zura jijiya ta hudar bahon ta shiga cikin alayyahona, kullum cira nake tana dawowa. Jiya na leƙa shafinsu, fakitin na nan da hotonsa, har an ƙara masa kuɗi. Na kira maƙwabciyar na ce ta zo da wuƙa ta yanki reshe.