Tsakanin Ben 10 da Iwájú a Idon Matasan Zariya

Matasan Samaru da Sabon Gari da suka taso da kallon katun suna yawan gardama a kan waɗannan shirye-shirye biyu. Ben 10, wanda tashar Cartoon Network ta fara nunawa a shekarar 2005, labarin Ben Tennyson ne, yaro ɗan shekara goma da ya tsinci Omnitrix, na'ura mai kama da agogon hannu wadda ke rikiɗa shi zuwa halittun wasu duniyoyi. Masoyansa suna yabon jarumtarsa, ko da yake akwai masu cewa 'yar baffansa Gwen ta fi shi natsuwa da hangen nesa, kuma ina cikin masu wannan ra'ayi.

Iwájú kuwa, wanda Disney da kamfanin Kugali suka fitar a 2024, kashi shida ne kacal, kuma ya hasko Legas ta nan gaba. Tola 'yar masu hali ce da ke zaune a tsibiri, abokinta Kole kuma ɗan talakawa ne, sannan akwai Otin, ƙadangaren ƙarfe mai tsaron lafiyarta. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne yadda shirin ya fito da garkuwa da mutane da tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi, matsalolin da duk wanda ke bin hanyar Zariya zuwa Kaduna ya san ɗacinsu.

Ben 10 ya fi yawan shirye-shirye da kai ruwa rana, amma idan ƙanena ya nemi shawarata, Iwájú zan fara kunna masa.