Sharhi kan fim ɗin Lady Bird: ina ya karkata a siyasa, kuma su wa ya ba bakin magana?

Na sake zama na kalli Lady Bird, fim ɗin da Greta Gerwig ta rubuta ta kuma ba da umarni a 2017, domin in auna ɓangaren da ya karkata a siyasa da irin gurbin da ya ba waɗanda ba fararen fata ba. Labarin Christine ne, 'yar shekara 17 da ke ajin ƙarshe a wata makarantar Katolika a Sacramento ta jihar Kalifoniya tsakanin 2002 da 2003, wadda ta ƙagara ta bar gida ta tafi jami'a a New York.

Duk wanda ya zo neman farfagandar jam'iyya ba zai same ta ba. Gaskiya ne Christine ta gasa wa wata mai jawabin adawa da zubar da ciki baƙar magana har aka dakatar da ita daga makaranta, amma ba a nuna hakan a matsayin jarumta ba, tsiwar ƙuruciya ce kawai. Kyle kuwa, saurayin da ke yawo da littafin Howard Zinn, masanin tarihi mai sukar manufofin Amurka, yana kukan yaƙin Iraki, shi ne ya fi kowa rashin tausayin na kusa da shi, alhali malaman cocin an ba su mutunci da taushin zuciya.

Siyasar da ke cikin fim ɗin ta abin hannu ce, kuma nan ne ya fi taɓa ni. Mahaifiyar Christine, Marion, ma'aikaciyar jinya ce da ke haɗa aikin dare da na rana, mahaifinta Larry ya rasa aikinsa, rigar biki ma sai a shagon gwanjo ake zaɓo ta, uwa da 'ya suna ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya suna cacar baki. Kunyar talauci ce ta sa Christine ta yi wa ƙawarta ƙaryar cewa wani katafaren gida a unguwar masu kuɗi shi ne nasu.

Inda ya gaza shi ne batun launin fata, duk da cewa Sacramento na cikin biranen Amurka da suka fi tara jinsuna iri-iri. Fada Leviatch, limamin coci baƙar fata, ya ɓace daga labarin bayan an nuna yana fama da ciwon damuwa. Miguel, yayan Christine na riƙo ɗan asalin Latin Amurka, ya gama jami'ar Berkeley ta gwamnatin Kalifoniya amma a kanti yake aiki, kuma da Christine ta goranta masa cewa asalinsa ne ya samar masa gurbi, sai aka wuce maganar cikin ƙiftawar ido, ko da yake tun 1996 Kalifoniya ta hana jami'o'in gwamnati fifita kowa saboda launi. Na so a ce an tsaya a nan an ba Miguel fili ya yi magana.

Iyaye su sani cewa a Amurka an ba fim ɗin matakin R, wato wanda bai kai shekara 17 ba sai da rakiyar babba zai kalla a sinima, domin cikin mintunansa 94 akwai shan giya, da ashar, da saduwar da ba ta aure ba, da kuma saurayi mai neman jinsinsa, saboda haka ba na ƙananan yara ba ne.