SolidWorks, Fusion ko FreeCAD: Da Wanne Ɗalibin Injiniyan Makanikai Zai Fara?

Wani ɗan'uwanmu ɗalibin injiniyan makanikai ya ce yana so ya koyi zanen sassan inji na 3D, amma ya rasa wanda zai kama tsakanin SolidWorks, Fusion da FreeCAD. To ɗan'uwa, bari mu ɗora su a kan aiki guda: farantin ƙarfe mai tsawon milimita 100, faɗi 60, kauri 8, da ramuka huɗu na ƙusar M8, wato ƙusa mai zare mai kaurin milimita 8.

A dukkansu mafarin ɗaya ne. Ka zaɓi fili, ka zana siffa mai kusurwa huɗu, ka ɗaure layukan da awo, sannan ka ja zanen ya yi kauri. Kowanne yana nuna maka da launi ko zanen ya ɗauru. A SolidWorks da Fusion layi shuɗi yana nufin akwai saura, in ya koma baƙi ya kafu; a FreeCAD kore yake komawa. Kada ka wuce wannan mataki alhali akwai layin da ke yawo. Nan ne masu koyo suka fi faɗuwa: su bar rami ba awo, gobe a ce a mayar da tsawon faranti 120, sai ka ga ramuka biyu sun kauce, kuma ba manhajar da za ta yi maka ƙorafi. Ka ɗora tsakiyar farantin a kan cibiyar zane, ka huda rami ɗaya, sauran ukun ka samo su ta hanyar madubi. Ramin da ƙusar M8 za ta wuce sakayau milimita 9 ne. In kuwa za a yanka masa zare ne, 6.8 ake hudawa. Gogar da kusurwoyi ka bar shi ƙarshe, domin in ka yi shi da wuri, matakan da ke biye za su dogara da gefen da ya riga ya ɓace.

SolidWorks ya fito a 1995, kamfanin Dassault Systèmes na Faransa ya saye shi a 1997, kuma shi ne za ka fi cin karo da sunansa a tallan aikin masana'antu. Yana raba aiki gida uku: fayil ɗin sashe, na harhaɗawa, da na takardar zanen da ake miƙa wa mai ƙira. A wannan na ukun ne ya fi ƙarfi a ganinmu, da kuma aikin lanƙwasa falankin ƙarfe. Hole Wizard ɗinsa yana ɗauke da teburin ramuka, ka zaɓi M8 ya sa maka awon da kansa. Yana da jarrabawar shaida, CSWA ta masu farawa da CSWP a gaba. Sai dai a Windows kaɗai yake aiki, yana son RAM na gigabait 16, kuma lasisinsa yana da nauyi in ba ta hanyar makaranta ba. A kula kuma: fayil ɗin sabon fitowa ba ya buɗuwa yadda ya kamata a tsohon.

Fusion na Autodesk, wanda aka sani da Fusion 360 tun 2013, yana aiki a Windows da Mac, kyauta ne ga ɗalibai, akwai kuma lasisin amfanin kai wanda ya taƙaita ka ga fayil 10 da za ka iya gyarawa a lokaci guda. Abin da ya fi burgewa shi ne daga farantin nan kai tsaye za ka fitar da hanyar da wuƙar injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, za ta bi, ba tare da fita daga manhajar ba. Wajen harhaɗawa tunaninsa ya sha bamban. Don sa sandar juyi cikin boris a SolidWorks, ɗauri biyu za ka yi: ɗaya ya haɗa cibiyoyinsu, ɗaya ya manna fuskokinsu, juyi ya rage. A Fusion gaɓa ɗaya ce mai juyi, ka faɗi motsin da ka yarda da shi, shi ke nan. Tarkonsa guda ne, kuma yana cin mutane sosai: dole ka buɗe wa kowane sashe gidansa (abin da manhajar ke kira component) ka kunna shi kafin ka fara zane. In ka manta, komai ya taru a wuri guda, jerin matakan ya cakuɗe, gaɓoɓi su ƙi kamawa. Fayilolinsa kuma a ma'ajiyar intanet suke zama, don haka mai raunin intanet ya yi lissafi.

FreeCAD kyauta ne gaba ɗaya, babu lasisi babu rajista, yana aiki har a Linux, ba ya neman intanet. Tsohuwar matsalarsa ita ce sunayen fuskoki suna sauyawa: ka yi zane a kan fuskar faranti, ka koma baya ka ƙara rami, sai zanen ya tsallaka wata fuska dabam. Fitowa ta 1.0 a Nuwamba 2024 ta rage wannan sosai, ta kuma zo da sashen harhaɗawa a ciki. Duk da haka ya fi aminci ka riƙa zane a kan filayen tushe maimakon fuskar jiki.

Shawararmu: in makarantarka tana ba da SolidWorks kuma burinka aikin masana'anta ne, ka kama shi ka nufi CSWA. In kai kaɗai kake koyo kuma kana son ka ƙera abin da ka zana, Fusion. In lasisi ko intanet ne matsalar, FreeCAD zai koya maka ainihin aikin. Ka zauna a kan ɗaya har ka iya fitar da farantin nan, da sanda, da boris, ka harhaɗa su, ka buga takardar zane mai cikakken awo. Ranar da za ka tura wa mai wata manhaja, ka fitar da aikin a STEP, wato nau'in fayil da dukkansu ke iya buɗewa; siffar za ta isa daidai, amma jerin matakanka ba zai bi ta ba, don haka ka adana fayil ɗinka na asali.