Kayak na roba ko na hurawa: amsa ga mai son fatsa a tafkin Madarunfa

Ɗan'uwa, cikin biyun nan da ka sa mana hotonsu, kayak (ƙaramin jirgin ruwa ne na mutum ɗaya) na roba mai tauri da wanda ake hura wa iska, ɗauki na roba. In kuɗin bai kai ba yanzu, ka haƙura ka ƙara tari, kafin nan ka riƙa biyan masu kwale-kwale suna shiga da kai. Tunda ka ce fatsar Asabar da Lahadi ce a tafkin Madarunfa, ba sana'a ba, ga dalilaina.

Na hurawar na taɓa riƙe shi, bai daɗe a hannuna ba. Yabonsa guda ne: yana naɗewa ya shiga buhu, ka ɗaure bayan babur ka kama hanya. Daga nan yabo ya ƙare. Duk abin da mai fatsa yake ɗauka maƙiyinsa ne, ƙugiya da wuƙa da tsinin sanda, har kifin kansa, don ƙayar tarwada da ta ƙurungu ba sa tambayar nawa ka saya. Tafkin kuma in ya cika da damina yana hawa gonaki da saura, ya rufe kututture da rassan ƙaya, ba ka ganinsu sai ka ji su. Ga zafinmu na Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Ka hura shi da sanyin safiya ya yi tam, rana na ɗagawa iskar cikinsa ta kumbura ta nemi mafita, kuma inda aka haɗa ledar da gam nan take bi. Ba shi da nauyi, a bisa ruwa yake zaune kawai, sai iskar hunturu ta yi ta kai shi inda ta ga dama kana tuƙi kana gumi. Akwai na hurawa na ƙwarai masu kaurin jiki, da ƙasa mai tauri har mutum ya iya tsayawa a kai, amma kuɗinsu ya kamo na roba ko ya wuce, kuma ba irinsu ba ne a hotonka.

Nawa na roba na hannu ne, daga Kano aka taho mini da shi ta Jibiya da Ɗan Isa, jikinsa duk zane. Ranar da na fara sauke shi a bakin tafki wani dattijon masunci ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira 'yan'uwansa su zo su ga mutum zai shiga ruwa cikin bahon wanki. Lokacin sanyi ne, ruwa ya fara ja. Na bi gefe na kutsa cikin ciyawa, wurin da ruwan bai wuce gwiwa ba, inda kwale-kwale mai kaya ba ya shiga sai an sauka an tura. Ban da ɗigar ruwa daga filafili babu wata ƙara, kifi na kiwo kusa da ni bai ma san da zuwana ba. Na sa tana a ƙugiya na jefa, can tarwada ta ɗauka, irin mai faɗin kan nan, ta ja ni da jirgin gaba ɗaya muka yi ta zagaye cikin ciyawa sai da ta gaji don kanta. Da na ɗago ta na aza tsakanin ƙafafuna ta yi ta bugu, ƙayarta na kartar robar, abin da ya samu jirgin bai wuce ƙarin zane ɗaya ba. Dattijon nan da la'asar ya ce in ba shi ya ɗana. Ya yi nisa har na fara tunanin ko ya tafi da shi ke nan. Da ya dawo ya ce aibinsa guda, ba ya ɗaukar taru. Tun daga ranar shi ke gaya mini gefen da kifi ya koma.

Robar da ake yin sa da ita, polietilen, ita ce ta jarka da tankin ruwa, ana zuba ta ne ta fito guntu ɗaya babu ɗinki babu haɗi. Shi ya sa yake jure ja a kan yashi da karo da kututture. In ma ya tsage, gam na yau da kullum ba ya kama irin wannan roba, kar wani ya ci kuɗinka. Narkewa ake yi: mai liƙin roba ya zafafa ƙarfe, ya yanko ɓallin jarka mai lamba 2 cikin alamar nan mai kusurwa uku a gindinta, ya narka ya cike tsagar. Masu wannan aiki ba su da wuyar samu a Maradi.

Na robar ma iri biyu ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Akwai wanda ake zura ƙafafu cikinsa, samansa a rufe, akwai wanda ake zama a bisansa. Na farkon shi ya gaji siffar asali, ta mutanen Inuwit na Girinlan da Alaska da arewacin Kanada, waɗanda suke lulluɓe ƙashin jirgin da fatar dabbar teku don ruwan ƙanƙara kar ya taɓa su. Mu ba ƙanƙara ke damunmu ba. Irin wannan in ya kife ya sha ruwa ke nan, fitar da ruwan a tsakiyar tafki kuwa sai wanda ya ƙware. Wanda ake zama a bisansa cikinsa a toshe yake da iska, yana da ramuka daga sama zuwa ƙasa da ruwa ke zurarewa da kansa. Ya kife, ka birkice shi ka haye. Kuma kana da sarari: kwandon kifi a baya, gwangwanin koto a gaba, ka saki ƙafafu cikin ruwa in baya ya gaji. Shi za ka nema.

Wajen awo, tsawo tsakanin mita 3 da 3 da rabi ya ishi tafkinmu, wanda ko ya cika bai fi wajen hekta 800 ba, in rani ya yi nisa kuma ya ragu sosai. Dogo ya fi gudu da tafiya miƙe, gajere ya fi saurin juyawa da sauƙin ɗauka, kai kuwa ba tsere za ka yi ba. Faɗi shi ne abin dubawa ga sabon shiga: santimita 75 zuwa 85. Wanda bai kai haka ba zai riƙa rawa duk lokacin da ka juya ɗaukar wani abu a bayanka. Sai nauyin da aka rubuta yana ɗauka. Ka haɗa naka nauyin da na kaya da na ruwan sha, kar jimlar ta wuce kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta. In an ce kilo 150, kai kuma kana da 90, to ba ka da wurin ɗaukar yaro, ko ya yi kuka. Filafili mai baki biyu ya zama tsakanin santimita 230 da 250, don gajere zai sa ka yi ta bugun gefen jirgi da yatsu. Kujera kuma ka zauna a kanta kafin ka biya, wuni za ka yi a kai. Masu feda da ake tuƙawa da ƙafa, ka bar wa masu kuɗi da zurfin ruwa. A nan ciyawa da kalli, wato ragar masunta, za su naɗe farfelar tun ba ka yi nisa ba.

Ba zan ɓoye maka wahalarsa ba, ɗauka ce. Irin wannan awo yana kai kilo 25 zuwa 35, kuma ba ya lanƙwasuwa. Daga Maradi zuwa Madarunfa kilomita 20 ne da ɗoriya, babur ba zai yi ba. In kana da mota, tsohuwar katifa a bisa rufi, ka kifa shi, igiya gaba da baya, amma kar ka tamke ta da ƙarfi cikin zafin rana, robar tana laushi ta lotsa ta zauna a haka. In babu mota, ka yi abin da nake yi yanzu: na samu gidan mutunci a can na ajiye shi ƙarƙashin rumfa, a kife, ina ɗan yi wa mai gidan alheri. Inuwar nan ba ado ba ce. Rana ita ke cin wannan roba, ta kashe launi, ta busar da ita har ta riƙa tsagewa.

Na ga wani ɗan'uwa ya ce me ya sa ba za ka sa kafinta ya yi maka kwale-kwale ba. Ga mai sana'a gaskiyarsa, kwale-kwale ke ɗaukar mutum biyu da taru da kifin kasuwa. Amma katako yana son mai zuwa kullum. Ka bar shi a tudu ya bushe ya buɗe baki, ka bar shi a ruwa ya zama na kowa, kai kuma ranar hutunka ta ƙare a kwarfar ruwa.

Yanzu maganar da ba ka tambaya ba, masu sayarwa. Kayak ba hajar da ke zube a kasuwa ba ce a nan, shi ya sa 'yan damfara suka samu ƙofa a Facebook da WhatsApp. Hoton da ka sa na na robar, ka duba bayansa da kyau: korayen itatuwan nan da dakalin katako ba na ƙasar Hausa ba ne, daga intanet aka ɗauko. Ba na cewa mutumin ɓarawo ne, amma ka ce ya kira ka ta bidiyo yana tsaye kusa da jirgin, ya juya shi ka ga cikinsa da bayansa. Duk wanda ya ce kaya na hannun 'yan duwan, ka turo kafin alƙalami a fito da su, ka yi masa sallama. Gani ya kori ji. In ka je gani, ka tafi da jarkar ruwa. Buɗe murfin ka zuba a cikin jirgin, ka jira, ka duba inda zai tsattsafo, musamman bakin ramukan zubar ruwa da ƙasan wutsiya inda ake jan sa a ƙasa. Danna jikinsa da tafin hannu, lafiyayye yana lotsawa ya dawo. Wanda launinsa ya yi fari-fari, ka shafa ka ga gari a hannunka, rana ta gama da shi. Wasu suna shafe irin wannan da mai ya yi ƙyalli ranar ciniki, saboda haka in ka ga tsohon jirgi yana santsi, sa tsumma ka goge wuri ɗaya. Fenti ma abin zargi ne, launin wannan roba a cikin jikinta yake, ba a yi mata fenti sai ana ɓoye wani abu. Na hurawa kuwa, rabin abin da ake tallatawa kayan wasan yara ne na wurin wanka, an sa masa babban suna.

Cikin kuɗin da ka ware ka fitar da na rigar ceto tun farko, ko da ka iya ruwa, kuma a jikinka take aiki ba a ƙarƙashin kujera ba. Ɗaure filafili da siririyar igiya a jikin jirgi, don ranar da babban kifi ya ɗauka hannu biyu za ka sa. Abin tsai da jirgi ba sai ka saya ba, dutse cikin ƙaramin buhu ya isa, sai dai igiyarsa ta fita ta goshi ko ta wutsiya. Ta gefe ita ke kifar da mutum in iska ta taso. Ranar farko kar ka ɗauki sandar fatsa ma. Je inda ruwa ya kai ƙirji, ka kifar da shi da gangan, ka koyi hawa, ka maimaita har jikinka ya saba. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take, ka fara tuƙi kana fuskantarta tun kana da ƙarfi, ta turo ka gida in ka gaji. Da damina, hadari ya haɗo daga gabas, naɗe zarenka ka fito, kar ka tsaya kifi ɗaya, doguwar sanda a tsakiyar ruwa kiran tsawa ce. Gulbin Maradi kuma in ya kawo ba wurin koyo ba ne. Ruwan da ya ci tsohon gari a 1945 har aka hau tudu, jirgin mita 3 ba komai ba ne a wurinsa.

Wanda ake zama a bisansa yana jiƙa mutum, wannan babu makawa, kuma ruwan kwance gidan tsargiya ne. Ka yi wanka da sabulu da ka fito, in ka taɓa ganin jini a fitsari ka je likita, maganinta sananne ne kuma ba ya da wuyar samu.

Kafin jirginka ya taɓa ruwa, ka je ka gai da sarkin ruwa, ka gaya masa fatsa ce kawai, ka tambaye shi ko an rufe kamun kifi a wannan lokaci da inda aka shimfiɗa kalli da mamari, don yanke wa mutum kayan sana'arsa rigima ce da ba ta ƙarewa. Ka bi ta ofishin gandun daji ka ji maganar takardar izini. Tafkin nan kewaye yake da kaburburan waliyyai 99 da mutane ke zuwa ziyara, ka kula da inda kake sauke kaya da inda kake ajiye mota. Ka kuma kamo hanyar gida tun kafin magariba.

In ka samu wanda ya cika awon da na faɗa, kar ka biya, turo bidiyonsa nan mu duba tare. In a cikin Maradi yake, zan iya raka ka da jarkar ruwan.