Ofishin da ya sasanta mini bashin haraji a Amurka

Shekara uku ina tuƙa motar haya ta manhaja a Amurka ban ware wa haraji ko sisi ba. Mai aikin kansa ba a cire masa komai daga abin da ya samu, takardar 1099, mai nuna abin da aka biya shi a shekara, kawai ake aiko masa, ni kuwa sai in jefa ta aljihun tebur. Kafin in farga, wasiƙun IRS, hukumar harajin Amurka, sun taru, bashin ya kai dala 38,000 har da tara da kuɗin ruwa. Tarar rashin cike takardar haraji kaɗai kashi 5 cikin ɗari ce duk wata, har ta kai kashi 25.

Na fara kiran wani kamfani mai talla a rediyo. Yaron da ya ɗauki wayar bai ma tambayi nawa nake samu ba, ya ce in biya dala 4,000 su fara aiki. Na kashe wayata. Daga baya wani abokin sana'a ya nuna mini wani ɗan ofis, na wata dattijuwa mai lasisin wakiltar mutane a gaban IRS.

Abin da ya sa nake yaba mata shi ne zaman farko. Ba ta karɓi kuɗina ba sai da ta ɗauko biro ta yi lissafi a gabana. Shirin sunansa Offer in Compromise, wato ka yi wa IRS tayin biyan ƙasa da bashin da ake binka, kuma ni da tunanin ciniki na zo, in taya su ce albarka, in ƙara. Ta yi dariya ta ce nan ba kasuwa ba ce. Ana duba abin da ka mallaka, a yi masa kuɗin sayarwar gaggawa, yawanci kashi 80 na darajarsa, a cire bashin da ke kansa. Sannan a duba abin da ke rage maka a wata bayan haya da abinci da sauran larurar da suka amince da ita, a ninka sau 12 idan za ka biya cikin wata biyar, ko sau 24 idan za ka ja shi har shekara biyu. Nawa ya fito dala 310 a wata, wato 3,720, motata da ɗan abin banki suka ƙara 2,900. Tayinmu ya tsaya a 6,620.

A nan muka ɗan yi musu. Na ce ta saka kuɗin da nake tura wa mahaifiyata duk wata cikin larura, ta ce ba za su ƙirga shi ba. Raina ya ɓaci ranar, amma gara da ta faɗa mini gaskiya.

Sai da na cike takardun shekarun da na tsallake tukuna, domin ba a duba tayin wanda bai cike ba. Muka aika fom 656 da 433-A (OIC), da dala 205 kuɗin nema, da kashi 20 na tayin, wato 1,324. Ta gargaɗe ni cewa ko an ƙi, wannan kuɗin ba ya dawowa, sai dai a rage shi daga bashin, kuma kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara. Masu ƙaramin ƙarfi ba a neman su aika kuɗin nema da kashi 20 ɗin, ni dai samuna ya ɗan wuce iyakar.

Inda ta gaza: waya. Daga Fabrairu zuwa Afrilu sai ka kira sau uku kafin a amsa, ga mutum da fargaba a ciki. Ladanta kuma dala 1,800, ba arha ba, kuma wanda lamarinsa ba shi da sarƙaƙiya zai iya gwada na'urar tantance cancanta da ke shafin IRS kyauta kafin ya biya kowa.

Wata tara na jira kafin takardar amincewa ta zo, na biya ragowar a kashi uku. Sharaɗin da ya rage shi ne shekara biyar ina cike takarda ina biya a kan lokaci, in na saɓa tsohon bashin ya dawo. Yanzu duk Afrilu da Yuni da Satumba da Janairu nakan tura harajin ƙiyasi, kuma ita ke lissafa mini adadin.